WANDA YA RUSHE DUTSE KADA YA FAKE DA ƘADDARA

Ya 'yan'uwa masu karatu, akwai wata kalma wadda ke saurin zuwa bakinmu duk sa'ad da masifa ta auku, watau "ƙaddara". Haƙiƙa imani da ƙaddara, mai daɗi da maras daɗi, yana cikin shika-shikan imani, ba Musulmin da zai yi jayayya da wannan. Amma fa kalmar gaskiya akan are ta a rufe ƙarya da ita. Saboda haka a wannan mako za mu kai ku wata ƙasa mai nisa, inda wani kamfani ya taɓa jingina wa Ubangiji abin da hannunsa ya aikata, don mu ga inda ƙaddara ta tsaya da inda alhaki ya soma.

A gabashin Amurka akwai jerin duwatsu da ake kira Afalashiya, waɗanda suka ratsa jihohin Bajiniya ta Yamma, da Kentaki, da Bajiniya, da Tenesi. Duwatsu ne masu duhun daji da ƙoramu, Allah kuwa Ya shimfiɗa kwal a cikinsu hawa-hawa. Mutanen wurin galibinsu talakawa ne, suna zaune a kwaruruka a gindin duwatsun, kaka da kakanni sana'arsu haƙar kwal. Kwal ɗin nan in an haƙo shi sai an wanke kafin a sayar, dagwalon wankin kuwa, baƙi ƙirin, akan tare shi a bayan madatsa a saman kwari, sama da gidajen mutane.

Ran 26 ga watan Fabrairu, 1972, da safiyar Asabar, bayan an yi kwanaki ana ruwan sama, irin wannan madatsa ta kamfanin Pittston ta ɓalle a kan ƙoramar Buffalo, a Jihar Bajiniya ta Yamma. Galan miliyan 132 na baƙin ruwa ya gangaro kan ƙauyuka. Mutum 125 suka rasu, fiye da 1,000 suka ji rauni, fiye da 4,000 suka rasa matsuguni. Da aka tuntuɓi kamfanin, sai wani jami'insa ya ce ai wannan aikin Allah ne, wai Shi ne Ya zubo ruwan da madatsar ta kasa riƙewa. Alhali kuwa da tarkacen haƙa aka tara madatsar, kwana 4 kuma kafin ta ɓalle wani sufeton Gwamnatin Tarayya ya duba ta ya rubuta cewa lafiyarta lau. Kwamitin binciken da Gwamnan Jihar ya naɗa ya sami kamfanin da laifin yin ko-oho da rayukan jama'a, amma ba wanda aka ɗaure. Jihar ta nemi diyyar dala miliyan 100, sai ga shi a 1977, saura kwana 3 ya sauka daga mulki, Gwamna ya yarda ya karɓi miliyan 1 kacal.

Wannan masifa na cikin dalilan da suka sa Majalisar Amurka ta kafa dokar haƙar kwal a sarari, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1977. Sai dai dokar ta bar wata kafa, ta nan kuwa aka shigo da wata hanyar haƙa wadda ta fi ta da muni. An soma ta tun wajen 1970, ta bunƙasa ƙwarai daga 1990. Maimakon a yi rami a bi kwal cikin dutse, sai a sare dajin da ke kansa ƙaf, a huda dutsen a ɗura nakiyar da aka haɗa da takin zamani da man dizal, a fasa. Akan cire ƙafa ɗaruruwa daga kan dutse guda. Kana wata na'urar kwasa, wadda tsawonta ya kai bene hawa 20, ta kwashe ɓaraguzan, katafila da manyan tifofi su tura su cikin kwarin da ke kusa, su binne ƙoramar da ke gudana a ciki. An ƙiyasta duwatsu fiye da 500 aka yi wa haka, ƙoramun da aka binne kuwa tsawonsu ya tasam ma mil 2,000.

Me ya sa kamfani zai zaɓi wannan hanya? Don ta fi araha. Na'ura guda tana yin aikin ɗaruruwan leburori. A 1950 masu haƙar kwal a Bajiniya ta Yamma sun haura 100,000, yau ba su kai 20,000 ba. Masu goyon bayan aikin sukan ce da wannan kwal ake samun lantarki mai rahusa, daga gare shi kuma jihohin ke samun haraji, ma'aikatan da suka rage kuwa albashinsu ya fi na kowace sana'a a yankin. Ba mu ƙaryata su ba, wanda ke ciyar da iyali da wannan albashi ba abin zargi ba ne. Amma ɗan kasuwa ya sani, in kaya suka yi arahar da ta wuce hankali, to, akwai wanda aka tauye wa mudu. Bari mu ga ko wane ne.

Na farko ruwa. Dutsen da aka farfasa, in ruwan sama ya ratsa shi, yakan wanko wasu sinadarai zuwa cikin koguna, daga cikinsu akwai wanda ake kira seleniyam, mai sa a ƙyanƙyashe kifi da karkataccen ƙashin baya. Ƙarar nakiya tana tsattsaga bangayen gidaje, rijiyoyi su ƙafe ko su gurɓace. Tun da an sare dajin da ke shanye ruwa, ambaliya ta ƙaru a kwaruruka. A watan Oktoba na 2000, a gundumar Martin ta Jihar Kentaki, gindin wani tafkin dagwalo ya ɓurme, galan fiye da miliyan 300 ya malala cikin koguna, garuruwa suka rasa ruwan sha. A 2004 kuwa, a Jihar Bajiniya, wata katafila da ke aikin hanyar ma'adinai da tsakar dare ta ture wani dutse, ya gangaro ya fasa bangon gida ya kashe yaro ɗan shekara 3 yana barci a gadonsa.

Na biyu lafiyar jiki. Ƙurar da nakiya ke tayarwa tana da laushin da take shiga can cikin huhu. Wani masani, Farfesa Michael Hendryx, tare da abokan aikinsa, sun shekara da shekaru suna kwatanta gundumomin da ake wannan haƙa da waɗanda ba a yi, suka tarar cutar daji ta huhu, da ciwon zuciya, da na ƙoda sun fi yawa inda ake rushe duwatsu. A 2011 suka bayyana binciken haihuwa kimanin miliyan 1.8 na tsakanin 1996 da 2003, wanda ya nuna jariran da ake haifa da tawaya sun fi yawa da kashi 26 cikin 100 a waɗannan wurare, ko bayan an cire tasirin talauci da shan taba. Kamfanoni suka ce ba a tabbatar da cewa haƙar ce sanadi ba. Hanyar raba gardama ita ce a zurfafa bincike, aka kuwa ɗora wa babbar cibiyar masana kimiyya ta ƙasar wannan aiki. Amma a watan Agusta na 2017 Gwamnati ta ba da umurni a dakatar da shi, wai ana duba yadda ake kashe kuɗi. Wanda ya tabbata hannunsa tsarkakakke ne ba ya hana a kawo fitila.

Abin da za mu yaba shi ne, talakawan wurin ba su naɗe hannu ba. Wani dattijo, Larry Gibson, ya ƙi sayar da eka 50 na gadon kakanninsa a kan dutsen Kayford, ko da aka rushe duk abin da ke kewaye da shi. An yi ta yi masa barazana, har an harbi gidansa, bai gusa ba har ya rasu a 2012. Wata mata, Judy Bonds, 'yar mai haƙar kwal, ta shiga gwagwarmaya bayan jikanta ya tsaya cikin ƙorama ya ga matattun kifaye sun kewaye shi. Wani kuma, Ed Wiley, da ya ga jikarsa tana yawan ciwo a makarantar firamare ta Marsh Fork, wadda ke gindin madatsar dagwalo mai ɗaukar galan biliyan 2.8, sai ya taka a ƙafa mil 455 zuwa Washinton a 2006 don ya kai kuka. A 2013 aka buɗe wa yaran sabuwar makaranta nesa da haɗarin. Wani alƙali, Charles Haden, ya yanke hukunci a 1999 cewa binne ƙoramu ya saɓa wa doka, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, a 2002 kuma Gwamnati ta sauya ma'anar kalma guda a cikin ƙa'ida, ta mai da ɓaraguzan haƙa "kayan cike gurbi", abin da aka hana jiya ya halatta yau. Daga 2008 zuwa 2014 kwal ɗin da ake samu ta wannan hanya ya ragu da fiye da rabi, galibi don iskar gas ta fi shi araha, amma ba a haramta aikin ba, guba kuwa tana ci gaba da tsatsa daga kwarurukan da aka cike.

To, ina ƙaddara a cikin wannan duka? Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware matsalar. Sun ce wanda bangonsa ya karkata, aka yi masa gargaɗi ya ƙi gyarawa, har ya faɗa wa wani, to, biyan diyya ya hau kansa. Sun kuma ce alƙali yana da ikon hana mutum cutar da maƙwabcinsa da hayaƙi ko warin jima, ko da a cikin mallakarsa yake aikin. Ba su ce ai ƙaddara ce ta kayar da bangon ba, ko da yake sun fi mu sanin ba abin da ke faɗuwa sai da izinin Allah. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham sai ya juya da jama'arsa, ya nuna musu cewa kauce wa cuta shi ma cikin ƙaddarar yake. Ƙaddara abin rarrashin wanda masifa ta sama ce, ba garkuwar wanda ya jawo ta ba.

Kada mu ce wannan labarin Turawa ne. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Filato suna nan, yaran Zamfara kimanin 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 kuwa ba mu manta da su ba. Ɗan kasuwar da zai zuba jari a ma'adinai ya tambayi kansa: wa ke shan ruwan da ke gangarowa daga wurin aikina? Ma'aikacin gwamnati kuwa ya tuna da sufeton da ya rubuta "lafiya lau" kwana 4 kafin mutum 125 su halaka. Ya kuma tuna da wani injiniya, Jack Spadaro, wanda aka sa cikin masu binciken malalar gundumar Martin. Da ya ga ana so a sassauta wa kamfani, sai ya ƙi sa hannu a rahoton, ya fice daga kwamitin a 2001, abin da ya kai shi ga rasa muƙaminsa. Dukansu biyu alƙalami ɗaya Gwamnati ta ba su. Kowannenmu da ke da tambari a aljihun teburinsa zai zaɓi wanda zai bi a cikinsu, za a kuwa tambaye shi a ranar da ba fayil ɗin da zai ɓata.

Allah Ya tsare mu daga cin amana, Ya sa abin da muke ci ya zama halal wanda ba hawayen kowa a cikinsa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.