Filin Kiɗa da Waƙa: Faifan da Ya Karɓo Kayan Gado

A wannan wata za mu leƙa Amurka, mu duba wani faifai mai suna Vivid, wanda ƙungiyar makaɗan Living Colour ta fitar a shekarar 1988. Kiɗan rok ne mai ƙarfi, irin mai ƙarar jita da dukan ganga, wanda iyayenmu a zango ke kira hayaniyar Turawa. To amma makaɗan nan huɗu duk baƙaƙen fata ne daga birnin New York: Vernon Reid mai kaɗa jita, Corey Glover mai waƙa, Muzz Skillings mai babbar jita, da Will Calhoun mai ganguna.

Abin da ya sa wannan ya zama abin magana shi ne, asalin kiɗan rok na baƙaƙen Amurka ne. Daga waƙoƙin coci da waƙoƙin ƙunci na jikokin bayi ya tsiro. Su Rosetta Tharpe da Chuck Berry da Little Richard ne suka share hanya, kuma har yau da wuya a ambaci gwanayen jita ba a sa Jimi Hendrix a gaba ba. Amma bayan rasuwar Hendrix a 1970, sai kamfanonin faifai da gidajen rediyo suka raba kasuwa gida biyu: rok na farare, kiɗan rawa na baƙaƙe. Duk baƙin da ya zo da jita mai ƙara, sai a ce masa ba a san wanda zai sayi faifansa ba. Wannan ne ya sa a 1985 Vernon Reid da marubuci Greg Tate da wasu suka kafa ƙungiyar Black Rock Coalition, don neman wa irin waɗannan makaɗa hakkinsu.

Duk da haka ƙofa ba ta buɗe wa Living Colour ba sai da Mick Jagger na ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila ya ga wasansu a wani gidan rawa mai suna CBGB, ya taimaka musu suka ɗauki waƙoƙi biyu na gwaji. Daga nan ne kamfanin Epic ya karɓe su. A lura da kyau: sai da Bature ya tsaya musu kafin a yarda su kaɗa abin da kakanninsu suka ƙirƙira. Wannan shi ne ɗan gida ya nemi izinin baƙo kafin ya shiga ɗakin uwarsa.

Da farko faifan bai yi kasuwa ba. Sai da tashar talabijin ta MTV ta dinga nuna waƙar Cult of Personality, sannan ciniki ya buɗe. Faifan ya hau har mataki na 6 a jerin mujallar Billboard, an sayar da fiye da miliyan 2 a Amurka, kuma waƙar ta ci lambar Grammy a 1990. A 1989 sun bi Rolling Stones yawon wasa a manyan filaye.

Ba ƙara kaɗai ke cikin faifan ba, akwai magana. Cult of Personality gargaɗi ne a kan bautar shugaba. An buɗe ta da muryar Malcolm X, aka kuma jera sunan Mussolini da Stalin tare da na Kennedy da Gandhi, don a nuna cewa makauniyar biyayya haɗari ce, ko wanda ake bi azzalumi ne ko adali. Mu da muka ga hotunan shugabanni rataye a kowane shago ba ma buƙatar tafinta. Wata waƙar kuma wasiƙa ce ga masu gidajen haya, waɗanda ke barin gidajen talakawa su lalace ko su ƙone don neman riba, kamar yadda ya faru a unguwar Bronx a shekarun 1970. A Bronx ɗin nan ne Will Calhoun ya tashi, kuma a can ne 'yan'uwanmu da dama daga zangunan Gana ke zaman haya a yau.

Ƙungiyar ta watse a 1995, ta sake haɗuwa a 2000. Darasin da muka ɗauka daga Vivid shi ne, kayan gadon da aka saki, wani zai ɗauka ya sa masa suna, har a wayi gari mai shi ya koma baƙo a kansa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasar da muke zaune, ya kamata mu tambayi kanmu: yaranmu nawa ne suka iya riƙe goge ko kalangu ko garaya? In mun bar su, kada mu yi mamaki ran da za mu biya kuɗi mu kalli wani yana kaɗa su.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.