Zangon Koyon Jamusanci: Ina Rabon Matasanmu?

Tun shekarar 1915 Kwalejin Middlebury da ke Amurka take gudanar da makarantar Jamusanci a lokacin hutu. Ɗalibai na kwana wuri ɗaya na tsawon makonni, kuma suna ɗaukar alkawarin ba za su yi magana da wani harshe ba. Hikimar ita ce, harshe ya fi zama a baki idan da shi ake ci, ake hira, ake kwana.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Nijeriya. Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, da na Larabci a Ngala ta Jihar Borno. Amma ana yin digirin Jamusanci ne a jami'o'in Ibadan da Ife da Nsukka, nesa da mu. Alhali kuwa manomanmu na sauraron Sashen Hausa na Muryar Jamus tun 1963, kuma ana koyar da Hausa a Jami'ar Hamburg.

Idan ba a manta ba, gubar dalma ta 2010 ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har da Abare. Mun ga illar rashin ƙwararrunmu a fannin lafiya da haƙar ma'adinai. Yawancin jami'o'in gwamnati na Jamus ba sa karɓar kuɗin karatu, amma akasarin darussan digirin farko da Jamusanci ake yin su.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum su haɗa kai da Jami'ar Tarayya ta Gusau domin samar da irin wannan zango, tare da tallafin karatu ga 'ya'yan talakawa.