Sa Wa Rauta Kwaɗo Ba Rowa Ba Ce



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare daga Kanya Babba har Babura da Kazaure, kuma lokaci ya yi da za a tsaya a ƙaryata ta. Da zarar mutum ya canza kalmar sirrin rautarsa, ko ya ƙi karanto ta a majalisa, sai a ce ya cika rowa. Wasu kuma su yi masa dariya, wai waye zai baro Legas ya zo Kanya don ya yi masa kutse. Mu dai mun ce duk maganganun biyu ba su da tushe, kuma masu yin su suna jefa 'yan uwansu cikin asara da sunan zumunci.

Mu fara da masu cewa mu a ƙauye muke, ba wanda ya san da mu. Wannan magana ta yi aiki lokacin da dukiyar mutum ke cikin rumbu da ƙarƙashin katifa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kuɗin riɗi da zoɓo da na dabbobi ta waya suke shigowa. Mai kemis da mai shayi da mai POS kowa alat yake jira. Kuma ɗan dandatsa ba ya tambayar sunan gari. Manhaja yake saki, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi dare da rana, duk wadda ta tarar a buɗe ta shige.

An ga haka a 2016, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bazu a duniya. Ba wata dabara ta yi ba. Sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da kamfanoni ke sa wa na'urori tun daga masana'anta, irin su admin da 12345, su ta riƙa gwadawa, ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci. Da su aka kai harin 21 ga Oktoba 2016 wanda ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix. A nan Afirka ta Yamma ma, wani Baturen Ingila mai suna Daniel Kaye ya yi amfani da irin wannan manhaja ya far wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, har intanet ya gurgunce a ƙasar, kuma a Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8. Masu na'urorin da aka yi aikin da su ba su ma san ana yi ba. Laifinsu ɗaya, sun bar kalmar da suka tarar. Abin ya kai a Afrilun 2024 Birtaniya ta fara aiki da dokar da ta hana sayar da na'ura mai irin wannan kalmar sirri. Mu a nan ba mai duba mana, sai mu duba wa kanmu.

To amma ɓarawon nesa ba shi ne babban abin tsoronmu ba. Rauta ƙofa biyu gare ta, kuma mutanenmu ɗaya kawai suka sani. Ta farko ita ce kalmar da ake sa wa waya ta hau waifai. Ta biyu ita ce ta shafin sarrafa rautar, wanda ake shiga ta burauza da lambobi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, suna nan rubuce a jikin na'urar ko cikin murfinta. A rautoci da yawa wannan ƙofa ta biyu da admin ake buɗe ta. Duk wanda ya hau waifai ɗinka, in ba ka canza ta ba, ya zama mai gida. Zai iya canza kalmar ya kore ka, zai iya karkatar da wayoyin gidan zuwa shafukan bogi. Mafi muni, yawancin ƙananan rautocin da ake sa wa sim suna nuna saƙonnin tes na layin a wannan shafi. Idan layin da bankinka ke turo wa lambar tabbatarwa shi ka zura a ciki, ka ajiye makullin asusunka a bakin titi. Sannan tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. In wani ya yi damfara ta rautarka, layin da za a fara bi naka ne, sunan da zai fito ma naka ne.

Sai masu zancen rowa. Iyayenmu da suka fi mu kyauta, su suka ƙirƙiro zaure. Baƙo ya zo, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa da fura, amma ba wanda ya taɓa cewa sai an miƙa masa makullin turaka kafin a kira maigida mai karamci. Rautoci da yawa suna da nasu zauren, wato sashen baƙi, mai suna daban da kalma daban, wanda ba a saba barinsa ya kai mutum shafin sarrafawa ba. Buɗe shi, ka ba maƙwabcinka da ɗalibin da ke son cike fom na Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, ka canza kalmar lokacin da ka ga dama. Wannan ita ce kyauta, domin ka san wanda ka ba. Wayoyin Android na yanzu suna nuna kalmar waifai a matsayin hoton da wata waya za ta ɗauka ta hau nan take, don haka wanda ka ba shi kaɗai, kafin magariba ya raba wa 'yan majalisarsu. Bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025, datar wata guda ta ƙare a mako ɗaya, maigida ya yi ta tsine wa kamfani, alhali samari ne a gindin katangarsa suke sauke fina-finai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma masu cewa doguwar kalma wahalar riƙewa gare ta, shi ya sa suke sa lambar wayarsu, ko sunan ɗan fari da shekarar haihuwa. Lambar da ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon shagonka ba sirri ba ce. Sunan ɗanka kuwa duk garin sun ci tuwon sunansa. A 2019 cibiyar tsaron intanet ta Birtaniya ta gano 123456 a asusu sama da miliyan 23 da aka yi wa kutse, kuma da yake waifai ba ya karɓar ƙasa da harafi 8, sai mutane suka ƙara 78 suka ce sun tsira. Lambobi 8 zalla hanyoyi miliyan 100 ne kacal, kwamfuta ba ta daɗewa take gama gwada su. Mafita a bakinmu take. Ɗauki kalmomin Hausa huɗu da ba abin da ya haɗa su, ka cusa lamba da alama a tsakani, kamar Garma7jirgi-Tsamiya!kwando. Kada ka ɗauki wannan, ta riga ta shiga kasuwa. Kada ka sa karin magana ko baitin waƙa, abin da kowa ya haddace ne. In kana tsoron mantuwa, rubuta a littafi ka ajiye inda kake ajiye takardun gona.

Ga abin da muke kira a yi a wannan mako, ba sai an yi asara ba. A canza kalmar shafin sarrafawa, ta bambanta da ta waifai. A wajen nau'in tsaro a zaɓi WPA2 ko WPA3, a guji WEP, an daɗe da fasa shi. A kashe WPS, tun 2011 aka gano rauninsa. A cire layin banki daga rauta. A riƙa leƙa jerin wayoyin da ke kai, in gida waya biyar ne aka ga tara, an san akwai baƙin da ba su yi sallama ba. A ajiye na'urar a cikin ɗaki, domin maɓallin da ke jikinta kan mayar da komai yadda ya fito daga kamfani.

Ku kuma 'yan uwanmu masu shagon caji da gyaran waya, da ku ake kawo wa rauta ku saita, amana ce a hannunku. Ku miƙa wa mai ita wayar ya rubuta kalmarsa da hannunsa, ku kau da kai. Alhaji ko Hajiya da ba su iya ba, a nuna wa ɗansu da suka yarda da shi. Mai sayar da kwaɗo na kirki ba ya riƙe makulli ɗaya a aljihunsa.

Wanda ke ganin mun yi tsauri, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu. Sai mako mai zuwa.