Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Majalisun Dokokin Jihohin Arewa

Masu girma wakilanmu,

Sashe na 55 na kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya ba malamin makaranta izinin dukan ɗalibi da sunan horo, muddin bai yi masa mummunan rauni ba. Wa ke auna raunin? Mai riƙe da bulalar.

Suwidin ta haramta duka a makarantunta tun 1958, Afirka ta Kudu a 1996, Kenya a 2001. Karatu bai rushe a can ba. Mu kuwa yaro yakan guje wa aji don tsoron dorina, daga nan sai talla ko gararamba.

Don Allah ku soke wannan izini, ku koya wa malamai ladabtarwa ba da duka ba.