Uwa ma tana buƙatar lungunta

Ki duba gidanki yanzu: akwai wurin da za ki ce naki ne ke kaɗai, ko da faɗin sallaya ne?

A tsohon ginin Hausa, maigida na da zaure da turaka, mace kuma tana da ɗakinta, da jerenta, da labulen da ba a ɗagawa sai da sallama. Gidan haya ya cinye wannan tsari. Matan da ke zaune kewayen masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, daga Ja'en da Panshekara har Dakata, sun fi kowa sani. Ciki da falo ne, wani sa'in ma ɗaki ɗaya. Idan maigida mai aikin dare ne a kamfanin roba ko na jima, da safe zai dawo ya kwanta, ɗakin ya zama nasa har azahar. Ke kuwa kina tsakar gida kina hana yara kuka, ga wanki, ga ƙarar injin, ga maƙwabta. Wasu matan kuma su ne ke tsaye a kamfanin tun safe, su dawo su tarar da tukunya tana jiransu.

To idan ranki ya yi marmarin keɓewa, ba son jiki ba ne, kuma ba ƙin 'ya'ya ba ne. Mu a asibiti ko awon jini za mu yi miki, sai kin zauna shiru minti 5 tukuna, don jikin da ke cikin hayaniya ba ya faɗin gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, kusan mace 1 cikin 5 na fama da damuwar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa. Iyayenmu da suka ware wa mai jego kwana 40 sun san abin da suke yi. Matsalar ita ce daga ranar arba'in ba wanda ke sake tambaya ko kin huta.

Ba sai an yi gini ba. Igiya da tsohon zani sun isa su raba kusurwa, ki shimfiɗa tabarma. Lokacin ma ya fi wurin wuyar samu: bayan asuba, ko sa'ar da yara suka tafi Islamiyya. Ki yi karɓa-karɓa da maƙwabciya, yau ta riƙe miki, gobe ki riƙe mata. Kada dai ki kulle ƙaramin yaro shi kaɗai, ko ki bar shi kusa da bokitin ruwa. Wayar nan da kike karanta ni a cikinta ma, ki bar ta a bayan labule.

Amma idan kin yi mako 2 cikin ƙunci, barci ya ƙi, abinci ya fita ranki, kuka na zuwa ba dalili, labule ba zai wadatar ba. Ki je asibitin unguwarku ki faɗa wa nas ɗin baki da baki, yadda kike jin sa.