SANKARAR MAƘOSHI: Bincike Ya Yi Nisa A Turai, Ina Rabon Majinyacin Kakuri?

Daga shekarar 2012 zuwa yau likitocin duniya sun samu ci gaba mai ma'ana wajen yaƙi da sankarar maƙoshi, watau ciwon dajin da ke kama bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki. Ciwo ne mai saurin kisa. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai an same shi a jikin mutum kimanin 511,000, ya kuma hallaka wajen 445,000. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu a nan Kaduna shi ne, nawa ne daga cikin wannan ci gaba zai iya isa ga tsohon ma'aikacin masaƙa da ke zaune a Kakuri, ko 'yar kasuwar da ke Sabon Tasha?

Muguntar wannan ciwo tana cikin ɓoyonsa. Maƙoshi yana da naso, saboda haka ƙari yakan daɗe yana girma a ciki mai shi bai sani ba. Alamar farko ita ce loma ta riƙa tsayawa a ƙirji. Sai mutum ya bar nama, ya koma tuwo mai laushi, daga tuwo ya koma kunu, har ta kai ruwa ma ba ya wucewa, yana ta ramewa. A irin wannan hali mutanenmu sukan fara da kantin magani, a ba su maganin gyambon ciki, wasu kuma su ce sammu ne. Kafin a kai ga likitan da zai zura na'urar leƙa ciki, ya yanko ɗan nama a duba, sau da yawa ciwon ya riga ya bazu.

Bari mu duba abin da gwaje-gwajen suka gano. Yadda ake yi shi ne a raba majinyata kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa wani kashi maganin da aka saba, ɗayan kuma sabon, sa'an nan a bi su shekara da shekaru a ga wanda ya fi. A ƙasar Holan an yi wani gwaji mai suna CROSS a kan mutum 366, aka bayyana sakamakonsa a 2012. Waɗanda aka yi wa tiyata kawai, matsakaicin abin da suka rayu bayan haka wata 24 ne. Waɗanda kuwa aka fara yi wa allurar kashe sankara tare da gashin haske kafin tiyata sun kai wata 49. A 2021 gwajin CheckMate 577, mai mutum 794, ya nuna cewa maganin nivolumab, wanda ke zuga garkuwar jiki ta yaƙi ƙarin, yana jinkirta dawowar ciwon bayan tiyata daga wata 11 zuwa wata 22. A 2024 kuma likitocin Jamus suka fito da sakamakon gwajin ESOPEC, mai mutum 438, inda wani haɗin allurai da ake yi kafin tiyata da bayanta ya kai majinyata wata 66, alhali tsarin Holan ya tsaya a wata 37. Ga waɗanda ciwon ya riga ya bazu kuwa nasarar ba ta taka kara ta karya ba: a gwajin KEYNOTE-590 ƙara pembrolizumab a kan allurar da aka saba ya ɗaga kwanakinsu daga kusan wata 10 zuwa wata 12 da ɗoriya, ga shi kuma magani ne mai ɗan karen tsada.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Sankarar maƙoshi iri biyu ce. Akwai wadda ke tsirowa a gindin bututun, kusa da bakin ciki, wadda ƙiba da yawan ƙwarnafi ke jawowa. Ita ce ta fi yawa a Yammacin Turai da Amurka. Akwai kuma wadda ke tsirowa daga fatar da ta lulluɓe cikin bututun, ita ce kuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a Afirka da Asiya. Uku cikin huɗu na majinyatan gwajin Holan masu iri na farko ne, na Jamus kuwa dukansu. Bugu da ƙari, waɗanda aka ɗauka a gwaje-gwajen tiyata mutane ne masu sauran ƙarfi a jika, waɗanda ciwonsu bai wuce a yanke ba. Wanda ya shafe wata biyar ba ya haɗiyar abinci ba ya cikin wannan sahu.

Amma akwai abin farin ciki guda. A gwajin na Holan, masu irin namu sun fi kowa amsa gashin haske: kusan rabinsu, da aka yi tiyata, ba a tarar da sauran ƙwayar ciwon ba. Watau ke nan abin da zai fi yi mana amfani ba shi ne sabon magani mai tsada ba, na'urar gashi ce mai aiki kullum, da kuma isowar majinyaci da wuri.

Mu dawo gida. Kudancin Kogin Kaduna, daga Barnawa da Narayi zuwa Makera, Nasarawa, Ungwan Romi da Gonin Gora, gari ne sukutum mai ɗimbin jama'a. Akwai Babban Asibitin Gwamna Awan, akwai Asibitin St. Gerard a Kakuri, akwai Babban Asibitin Sabon Tasha. Amma asibitin koyarwa na jiha, Barau Dikko, yana ƙetaren gada, sashen gashin ciwon daji kuma sai an dangana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, bayan an ci kilomita 80 zuwa Zariya. Tsarin Holan yana bukatar zama 23 a gaban na'ura, kwana biyar kowane mako. Ƙaramin ma'aikaci ya lissafa kuɗin mota, da na masauki, da na mai jinya, tun kafin a zo batun magani. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021, wanda Shika ke cikin asibitoci shida na farko da aka zaɓa masa, an buɗe shi ne domin sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta ƙullutun mafitsarar maza (prostate). Sabuwar cibiyar ciwon daji da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025 abin yabo ce, sai dai ga mutumin Kakuri ta fi Zariya nisa.

Binciken da ya fi kama da halinmu a Gabashin Afirka aka yi shi, inda ciwon ya yi katutu daga Habasha zuwa Kenya, Tanzaniya da Malawi. A Asibitin Tenwek da ke Bomet, ƙasar Kenya, likitoci sun sa wa mutum 951 waɗanda ciwonsu ya wuce tiyata wani ɗan bututun ƙarfe mai kama da raga, wanda ke buɗe hanyar abinci. Rahoton da suka buga a 2009 ya nuna cewa majinyatan sun koma cin abinci, matsakaicin kwanakinsu kuma ya kai 250. Ba warkewa ba ce. Amma wanda ya taɓa jinyar mutumin da ko yawunsa ba ya iya haɗiyewa ya san darajar wata takwas ana ci ana sha. Wannan aiki ba ya bukatar ginin biliyoyi. Na'urar leƙa ciki ce, da likitan da aka horar, da bututun a farashin da talaka zai iya.

Masu binciken wancan yanki sun kuma bi sawun musabbabin ciwon: barasa, taba, hayaƙin itace a ɗakin girki, rashin kula da haƙora, da shan abu mai tsananin zafi. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya duk abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wannan sankara, binciken mutum 50,000 a lardin Golestan na Iran kuma ya ƙarfafa zaton a 2019. Ba shayin ne ke da laifi ba, zafin ne. Mu da muke kurɓar shayi da koko suna tururi a teburin mai shayi, haƙurin minti biyar ba zai rage mu da kome ba. Akwai kuma sodar yin sabulu da ake ajiyewa a gidaje cikin gorar ruwa. Yaron da ya sha ta bisa kuskure maƙoshinsa kan ƙone ya tsuke, haɗarin sankara kuma ya bi shi har girma.

Ƙididdigar duniya ta nuna cewa ciwon bai yi yawa a Yammacin Afirka kamar Gabas ba, kuma mai yiwuwa ne haka abin yake. Sai dai rajistar ciwon daji ba ta ƙirga kowa sai wanda ya isa asibiti aka gane ciwonsa. Wanda ya rasu a gida da sunan ciwon ciki ba ya shiga lissafi. A ganinmu binciken farko da ya wajaba a kan Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da Jami'ar Jihar Kaduna shi ne wannan: duk baligin da ya zo asibitocin kudancin gari da kukan abinci na tsaya masa a ƙirji, a tura shi leƙen ciki cikin makonni, a rubuta abin da aka gani, a haɗa alƙaluman da na Shika. Ɗalibanmu na likitanci suna neman abin da za su rubuta a kai, ga shi nan a ƙofar gida. Cibiyar Bincike da Magance Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda aka yi dokarta a 2017 ta kuma fara aiki a 2023, ita ce ta dace ta ɗauki nauyin.

Saura batun amana, wanda ba a tsallake shi a Arewa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya musanta, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Tun daga nan kalmar gwaji ta zama abin tsoro, har ta taimaka wajen ƙauracewa allurar shan inna a 2003. Yanzu akwai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, wanda Dokar Lafiya ta 2014 ta ba ƙarfi, kuma ba a gwada magani sai da izinin hukumar NAFDAC. Duk mai son kawo gwajin sankarar maƙoshi Kaduna, lalle ne ya karanta wa majinyaci takardar yarda da harshen da yake ji, Hausa ce ko Gbagyi ko wani, ya gaya masa cewa yana da ikon janyewa ko yaushe, ya kuma rubuta tun farko wanda zai biya kuɗin maganin bayan an nannaɗe tabarmar gwajin.