Farar riga da hayaƙin lantarki

Wani sabon yayi ya shiga makarantun koyon aikin likita da jinya na ƙasashe da dama: ɗalibi ya fito daga darasin cututtukan huhu, ya zaro sigarin lantarki daga aljihun farar rigarsa, ya busa tururi mai ƙamshin mangwaro. In an yi masa magana sai ya ce ai bai kai taba illa ba.

Maganar da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ga wa? Ga tsohon mashayi da ya kasa rabuwa da kwalin sigari. Shi kuwa yaron da bai taɓa kunna kara ɗaya ba, me ya rage wa kansa? Nikotin ɗin da ke ɗaure mai shan taba shi ne dai cikin ruwan kwalbar, kuma ɗalibin likita ya fi kowa sanin haka, tunda a kansa ake yi masa jarrabawa.

Wani mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro na'urar a 2003 don ya bar taba. Bayan shekara goma kamfanin Imperial Tobacco ya saye haƙƙin ƙirƙirar, a 2018 kuma Altria, mai Marlboro a Amurka, ya zuba dala biliyan 12.8 cikin Juul. Ƴan kasuwar Maraɗi ba sa bukatar a fassara musu wannan: ba wanda ke sa dukiyarsa cikin hajar da za ta kashe masa ciniki.

Abin takaicin shi ne likitoci ne suka fara karya lagon taba. Richard Doll na Ingila, da ya ga abin da bincikensa na 1950 ke nunawa game da kansar huhu, ya yar da sigarinsa. Abokan aikinsa suka bi sahu, jama'a suka biyo baya. Talaka ya fi kallon hannun likita bisa takardar da ya rubuta masa.

Indiya ta haramta sigarin lantarki tun 2019, Faransa ta hana sayar da na yarwa a 2025. Nijar na da dokar yaƙi da taba tun 2006. Sai Ma'aikatar Lafiya ta fito ta faɗa wa ƴan duwan da shugabannin makarantun Yamai da Damagaram ko dokar ta hau kan wannan kwalba, in kuma ba ta hau ba, yaushe za a gyara ta.